Daga Rijiya Zuwa Jarka: Sharhi Kan Tsaftar Ruwan Sha a Sabha

Idan aka taɓo batun ruwan sha a kudancin Libiya, maganganu biyu ne suka fi fitowa daga bakin jama'a. Ta farko ita ce, ƙasar da ta iya janyo kogi guda ta ƙarƙashin hamada ai ta gama da matsalar ruwa. Ta biyu kuwa, ruwan da aka zaƙulo daga zurfin ɗaruruwan mitoci a cikin yashi tsarkakakke ne, babu abin da zai same shi. Kowace daga cikinsu tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa suke saurin shiga kunne. Sai dai wanda ya tsaya a kansu ba zai gane dalilin da ya sa mazauna Sabha, birnin da ke zaune a kan ɗaya daga cikin manyan taskokin ruwa na Sahara, suke sayen ruwan sha a jarka ba.

Batun ya shafe mu kai tsaye. Sabha ce babban birnin yankin Fezzan, kuma ita ce babban zango ga masu bin hanyar Agadas, Dirku da Gatrun zuwa arewa. Tun zamanin fataken da ke kai-komo tsakanin Kano, Gat, Murzuk da Tarabulus ake jin Hausa a wannan yanki. Yau ma dubban 'yan Nijar da 'yan Najeriya suna can suna aikin gona, gini da dako, kuma ruwan da 'yan gari ke sha shi suke sha, wani lokacin ma wanda bai kai shi kyau ba. Bayan haka, ciwon da ke damun famfunan Sabha shi ne ke damun na ƙananan garuruwanmu.

Ma'anar wasu kalmomi

Ƙaramin gidan ruwa shi ne wanda bai wuce rijiyar burtsatse ɗaya ko 'yan kaɗan ba, da injin da ke turo ruwa, da tanki a sama, da bututun da ke raba ruwan ga gidajen unguwa ko ƙauye. Yawanci ma'aikatansa ba su da yawa, ba shi da ɗakin gwajin ruwa na kansa, kuma idan inji ɗaya ya lalace komai ya tsaya. Mutanen Sabha sun haura dubu 100, amma ruwansu daga rijiyoyi yake fitowa, barbaje a cikin gari da kewayensa. Don haka a aikace birnin tarin ƙananan gidajen ruwa ne, kamar yadda abin yake a garuruwan da ke kusa da shi irin su Samnu, Zigan, Tamanhint da Gadduwa.

Ruwa mai aminci shi ne wanda mutum zai sha tsawon rayuwarsa bai cutar da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa ma'auni. Na farko, kada a sami ƙwayar cutar da ake kira E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan. Ita wannan ƙwaya a hanjin mutum da dabba take zaune, ganinta a ruwa shaida ce cewa bahaya ya sami hanyar shiga. Na biyu, kulorin, wato sinadarin da ake zubawa don kashe ƙwayoyin cuta. Ana son ya kai miligiram 0.5 a kowace lita bayan minti 30 da zubawa, kuma a sami ragowar aƙalla miligiram 0.2 a bakin famfon gida, domin wannan ragowar ce ke tsaron ruwan a kan hanya. Na uku, naitiret, sinadarin da ke tsiyayowa daga takin zamani da ramin masai, wanda ba a so ya wuce miligiram 50 a lita. Sai kuma zartsi, wato gishirin da ya narke a ruwa. Idan bai kai miligiram 600 a lita ba ruwan yana da daɗin sha, idan ya haura 1,000 sai ya fara gagarar baki.

A nan ruɗanin yake farawa. Harshe yana jin zartsi, ido yana ganin tsatsa da laka, amma babu mai ganin ƙwayar cuta ko jin ɗanɗanon naitiret. Ruwa yana iya yin garau kamar ƙanƙara alhali yana ɗauke da taifot.

Inda ruwan yake fitowa

Ruwan saman da Sabha ke samu a shekara, idan aka daidaita, bai kai milimita 20 ba, alhali Kano tana samun fiye da 600. Babu kogi, babu madatsar ruwa. Abin dogaro ɗaya shi ne taskar ruwan da ke kwance cikin duwatsun yashi a ƙarƙashin kwarin Murzuk, wadda ta miƙe har cikin Aljeriya da arewacin Nijar. Tsohon ruwa ne da ya taru dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara take da dausayi da tafkuna. Abin da aka ɗiba yau ba a mayar da gurbinsa.

Mutanen yankin sun daɗe da sanin haka. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce al'ummar Garamanta, waɗanda hedikwatarsu take Jarma a kwarin da ke tsakanin Sabha da Ubari, sun haƙa ɗaruruwan magudanan ƙarƙashin ƙasa da ake kira fuggara suna janyo ruwa zuwa gonakinsu. Masu binciken tarihi suna lissafa ja da bayan ruwan ƙasa cikin dalilan da suka durƙusar da daularsu.

Taskar tana da hawa-hawa. Ruwan da ke kusa da doron ƙasa ya fi zartsi, saboda zafin rana yana ƙafar da shi ya bar gishiri, kuma shi ne duk abin da aka zubar a sama yake fara tararwa. Na can ƙasa ya fi daɗi, kuma galibi babu ƙwayar cuta a cikinsa lokacin da ya fito. Daga shekarun 1970 gwamnati ta buɗe manyan gonakin ban-ruwa irin na Maknusa da Barjuj, manoma masu zaman kansu su ma suka yi ta haƙa nasu rijiyoyin. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ruwan da Libiya ke amfani da shi a gona yake ƙarewa. Sakamakon a bayyane yake: rijiyoyi marasa zurfi sun ƙafe a wurare da dama, tafkin Mandara da ke cikin rairayin Ubari ma ya bushe.

Kogin da ya nufi arewa

A watan Agustan 1984 shugaban Libiya na lokacin, Mu'ammar Gaddafi, ya aza harsashin aikin da aka sani da Babban Kogin da Ɗan'adam Ya Gina. Bututu ne masu faɗin mita 4 da ke ɗaukar ruwa daga rijiyoyin hamada zuwa biranen bakin teku. Ɓangaren yamma na aikin yana ɗiba ne daga rijiyoyin Dutsen Hasawna da ke arewa da Sabha, kuma ruwansa ya isa Tarabulus a 1996. An tsara zai riƙa kai kimanin kubik mita miliyan 2 a kullum.

Abin lura shi ne alƙiblar kogin. Daga Fezzan yake tashi, arewa yake dosa. Sabha da garuruwan da ke kudu da ita sun ci gaba da dogaro da rijiyoyinsu, ƙarƙashin kulawar kamfanin gwamnati mai kula da ruwa da magudanar ƙazanta. Wannan ne ya sa labarin kogin ba ya gaya mana komai game da abin da ke fitowa a famfon unguwar Gurda, Mahdiyya ko Manshiyya. Haka kuma shi ne tushen wani tsohon ƙorafi na mutanen kudu, cewa ruwa da man fetur daga ƙarƙashin ƙafarsu ake ɗiba amma su ne na ƙarshe wajen cin moriya. A watan Disamban 2018 masu zanga-zangar da suka kira kansu Fushin Fezzan sun rufe rijiyoyin mai na Sharara, mafi girma a ƙasar, suna kukan rashin wuta, mai da sauran abubuwan more rayuwa.

Inda ruwa ke lalacewa

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ruwan da ya fito da kyau daga rijiya mai zurfi yana da hanya mai tsawo kafin ya kai baki, kuma a wurare huɗu ya fi gamuwa da matsala.

Na farko shi ne wutar lantarki. Injin da ke cikin rijiya da wuta yake aiki, in babu ita babu ruwa. Tun bayan yaƙin 2011 kudancin Libiya ya sha ɗaukewar wuta ta sa'o'i masu yawa, wani lokacin ta kwanaki. Tashar wuta ta Ubari mai ƙarfin megawat 640, wadda aka gina don ta share wa yankin hawaye, ta yi ta jan ƙafa saboda rashin tsaro, har aka sace wasu ma'aikatanta 'yan ƙasashen waje a watan Nuwamban 2017. Janareta kuma sai da man dizal, wanda a kudu yakan yi wuya, a koma sayensa a bayan fage da tsada. Ga kuma ɓarayin waya da na injunan rijiya.

Yadda ɗaukewar wuta ke gurɓata ruwa abu ne da ya kamata kowa ya fahimta. Muddin bututu yana cike kuma ruwa na tafiya da ƙarfi, ko da akwai tsaga a jikinsa, ruwa ne zai riƙa fita. Da zarar inji ya tsaya bututun ya zama fanko, sai lamarin ya juya, tsagar ta koma tsotso duk abin da ke kewaye da ita a cikin ƙasa. Idan gidaje sun jona ƙananan injunansu kai tsaye a jikin babban bututu suna zuƙo ruwa, tsotson sai ya ƙaru. Ruwan farko da ke zuwa bayan an dawo da wuta shi ya fi hatsari, kuma shi ne kowa ke rububin tarawa.

Na biyu shi ne abin da ke kewaye da bututun. A watan Fabrairun 2021 asusun UNICEF ya yi gargaɗin cewa mutum fiye da miliyan 4 a Libiya, ciki har da yara miliyan 1.5, suna dab da shiga matsalar ruwa. Ya kuma bayyana cewa kashi 45 cikin 100 na gidaje da ma'aikatu ne kawai ke haɗe da magudanar ƙazanta ta gwamnati, sauran ramin masai suke amfani da shi, sannan ruwan da ke zurarewa daga tsofaffin bututu yana kaiwa rabin abin da aka turo. A Sabha, malalar ruwan ƙazanta a kan titi tsohon kuka ne na mazauna unguwanni da dama. Lamarin ya fi tsanani a unguwannin da suka tashi ba bisa tsari ba, irin su Tayuri, inda Tubawa da Abzinawa suka fi yawa. A irin waɗannan wurare mutum da kansa yake jan siririn tiyo daga inda ya samu, ya binne shi sama-sama, sau da yawa dab da ramin masan maƙwabcinsa.

Na uku shi ne kulorin da gwaji. Zuba kulorin aiki ne na kullum, yana buƙatar sinadari a ajiye, da na'urar da ke ɗiga shi daidai gwargwado, da mutumin da zai auna ya rubuta. Babban gidan ruwa yana da wurin zubawa ɗaya da ƙwararru a kansa. Inda rijiyoyi suke da yawa a warwatse kuwa, kowace sai an yi mata nata tanadin. Yaƙe-yaƙen 2011 da 2014 sun kori ƙwararrun ma'aikata baƙi da yawa daga ƙasar, rikicin ƙabilanci da Sabha ta sha a 2012, 2014 da 2018 ya hana gyara a kan lokaci, sannan rabuwar mulki tsakanin Tarabulus da gabas ta dagula hanyar da kuɗi da kayan aiki ke bi su iso kudu. Tun farkon 2019 Sabha tana hannun dakarun gabas na Khalifa Haftar, alhali manyan ofisoshin kamfanonin gwamnati suna Tarabulus.

Na huɗu yana cikin gida. Saboda ruwa ba ya zuwa kullum, kusan kowane gida yana da tanki. A lokacin zafi, sa'ad da ma'auni ke haura digiri 40, ɗan kulorin da ya rage yana gushewa da wuri. Idan murfin tankin ya fashe ko iska ta ɗauke shi, ƙura da kashin tsuntsaye za su shiga, ƙasan tankin ya tara dauɗar da babu mai leƙawa sai an shekara. Tankar da ke kawo ruwan sayarwa ma haka take: mai saye bai san rijiyar da aka ɗebo ba, bai san abin da tankar ta ɗauka jiya ba.

Shagunan tace ruwa

Da jama'a suka yanke ƙauna da famfo, sai kasuwa ta cike giɓin. A biranen Libiya, har da Sabha, akwai ƙananan shaguna masu injin da ke matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata, ta tare gishiri da naitiret da ƙwayoyin cuta. Larabawa na kiran aikin tahliya, ma'ana cire wa ruwa zartsi. Mutum ya kawo jarkarsa a cika masa.

Injin yana aiki da kyau matuƙar ana kula da shi, amma akwai abubuwa uku da mai saye bai cika sani ba. Kulorin yana cinye fatar tacewar, don haka ana fara cire shi kafin ruwan ya shiga. Ruwan da ya fito ba shi da sauran kariya ke nan, duk ƙazantar da ke cikin jarka ko a bakin tiyo za ta hayayyafa yadda ta ga dama. Sannan matatun suna da wa'adi, kuma mai shagon da babu mai bincikarsa yana iya jinkirta canza su don ya rage kashe kuɗi, ruwan kuma ya ci gaba da daɗi a baki. Abu na uku, injin yana zubar da wani kaso na ruwan da ya shiga cikinsa a matsayin ruwan gishiri, wanda hasara ce a ƙasar da taskarta ke raguwa. Wanda ya san yadda harkar fiya wata take a garuruwanmu ba zai yi mamakin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Ranar da sama ta zubo

Garin da bai saba da ruwan sama ba shi ne ambaliya ta fi yi wa ɓarna, domin ba a yi masa magudana ba. A watan Yunin 2019 ambaliya ta mamaye garin Gat, ta raba dubban mutane da gidajensu. A watan Satumban 2024 ruwa kamar da bakin ƙwarya ya cika titunan Sabha da gidajenta. A irin wannan rana ramukan masai suna tumbatsa, ruwan ya kwanta a kan bakin rijiyoyi da bututun da suka tsage. Bayan guguwar da ta ragargaza birnin Darna a watan Satumban 2023, hukumomin lafiya na Libiya sun ba da rahoton gudawa a tsakanin yara saboda gurɓataccen ruwa.

Arziki ma ba ya hana wannan. A watan Mayun 2000, a garin Walkerton na ƙasar Kanada mai mutum kusan dubu 5, ruwan sama ya wanko kashin shanu cikin wata rijiya marar zurfi. Masu kula da gidan ruwan ba sa zuba isasshen kulorin, kuma suna cika takardun awo da alƙaluman ƙarya. Mutum 7 suka mutu, kimanin 2,300 suka kwanta. Saboda raunin irin waɗannan wurare ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman kan ƙananan gidajen ruwa a watan Fabrairun 2024.

Ra'ayoyi sun bambanta

Akwai masu ganin mafita ita ce babban aiki: a haɗa rijiyoyin gari su zuba a manyan tankuna, a zuba kulorin a wuri ɗaya, a sabunta bututu, a gyara matatar ruwan ƙazanta. Ta fuskar injiniya wannan ne ya fi inganci. Masu suka suna cewa aikin yana buƙatar shekaru da kuɗi da gwamnati guda mai faɗa a ji, kuma bututu ɗaya abin garkuwa ne. Suna kafa hujja da layin Hasawna, wanda masu ɗauke da makamai suka rufe a 2013, 2017, 2019 da 2021 don matsa wa hukuma lamba, Tarabulus ta kwana da ƙishirwa.

Wasu kuma sun fi son a miƙa ragamar ga baladiyya, wato ƙaramar hukuma, a sa wa kowace rijiya faifan sola, tunda rana ba ta yankewa a Fezzan. Wannan zai rage dogaro da wutar gwamnati da dizal, ya sa bututu ya daɗe a cike. Amma sola ba ta auna kulorin, kuma ruwan da ake turowa kyauta an fi yin almubazzaranci da shi.

Rukuni na uku suna cewa tunda jama'a sun riga sun koma shagunan tahliya, a bar famfo ya zama na wanki da wanka, hukuma ta mai da hankali kan ba shagunan lasisi da bincikarsu. Matsalar ita ce talaka da baƙo, waɗanda ranar da babu kuɗi famfon za su sha.

A ƙarƙashin duk wannan akwai gardamar kuɗin ruwa. A Libiya kuɗin kaɗan ne, kuma da yawa ba sa biya. Ma'aikatan ruwa suna cewa gidan ruwan da ba ya tara ko kwabo ba zai iya sayen kulorin ko gyara inji da kansa ba, sai ya jira Tarabulus. Mutumin kudu kuma yana cewa ba zai biya kuɗin ruwan da ba ya zuwa ba, a yankin da ke shayar da babban birnin ƙasa. Duka ɓangarorin suna da hujja, kuma ba a warware ta sai wanda ke karɓar kuɗi ya fara nuna aiki.

Abin da ka iya biyo baya

Idan aka ci gaba a haka, yara ƙanana ne za su fi ɗanɗana kuɗarsu, ta hanyar gudawa, taifot da shawara. Jariran da ake dama wa madarar gwangwani da ruwan rijiyar gona suna cikin ƙarin hatsari, domin naitiret mai yawa yana hana jininsu ɗaukar iska yadda ya kamata. Babban asibitin Sabha shi ne madogarar kusan dukan kudu, don haka annoba a unguwa ɗaya nauyi ce a kan yanki guda. Kuɗin jarka da tanka za su ci gaba da cin aljihun magidanta. Yayin da ruwan ƙasa ke ƙara nisa, haƙa rijiya zai ƙara tsada, ƙananan ƙauyuka su riƙa watsewa zuwa birni, unguwannin da ba su da tsari su ƙara cika.

Abin yi

Gyaran da ya fi gaggawa ba shi ne mafi tsada ba. Kowace rijiya ta sami wutar da ba ta yankewa da na'urar kulorin. A ɗaga bakinta a zagaye shi da siminti, a nisanta ramin masai da ita. A riƙa auna ragowar kulorin kullum a famfon da ya fi nisa da tanki, a riƙa kai samfuri gwaji a kai a kai, ga Jami'ar Sabha nan da masana a kusa. A liƙa sakamakon inda kowa zai gani, a ofishin baladiyya da ƙofar kowane shagon tahliya.

Ga 'yan'uwanmu mazauna can, kada a sha ruwan farko da ya zo bayan ɗaukewar wuta. A rufe tanki, a riƙa wanke shi. A wanke jarka da sabulu kafin a cika ta, kuma jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta ruwan sha ba ce. Idan ana shakka a tafasa, amma a sani tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire gishiri ko naitiret, don haka a nema wa jariri ruwan da aka tace. Yaron da ya fara gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari nan take, a garzaya da shi asibiti.

Zurfin rijiya da girman aikin da aka ƙaddamar ba su ne ma'aunin ruwan sha ba. Duk gidan ruwan da ba ya auna kulorin kullum, ba ya kuma bayyana wa jama'a sakamakon gwajinsa, bai isa ya ce ruwansa na sha ne ba, a Sabha yake ko a Maraɗi ko a Katsina.